Wasan Besbol A Ƙasar Larabawa: Baƙo Ne Ko Ɗan Gari?

Daga Wakilinmu

A ranar Juma'a, 14 ga watan Nuwamba na shekarar 2025, aka buɗe kakar farko ta wata sabuwar gasar wasan besbol a wani fili da aka gina a bayan birnin Dubai, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wani kamfani mai suna Baseball United shi ne ya shirya gasar, kuma ita ce irinta ta farko da aka taɓa yi a wata ƙasa ta Larabawa, wato gasar da 'yan wasanta ke karɓar albashi, wasan ya zamo shi ne sana'ar da suke ci da ita. A daren da aka buɗe ta, 'yan wasan da za su fara jifa na ƙungiyoyi biyun da suka kara a kan raƙuma aka shigo da su cikin fili, don duk wanda ke kallo ta talabijin ya san a wace ƙasa ake wannan buki.

Wata guda aka yi ana fafatawa, aka kammala a tsakiyar watan Disamba. To, tun da yake ƙura ta lafa, ya kyautu a zauna a auna al'amarin, domin akwai tambayar da ta fi ta wanda ya ɗauki kofi nauyi. Tambayar kuwa ita ce: shin ana iya ɗauko wasan da mutanen wata ƙasa ba su gada ba, a kawo musu shi da ƙarfin kuɗi da sunayen mashahuran 'yan wasa, har ya zauna ya zama nasu? Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Abin da wannan sharhi zai duba shi ne ko besbol raɓa ce da za ta bushe da fitowar rana, ko kuwa akwai alamar za ta yi saiwa a cikin rairayin Larabawa.

YADDA AKE WASAN

Da yake da yawa daga cikin masu karatu ba su saba da wannan wasa ba, yana da kyau a fara da bayyana yadda ake yin sa. Filin yana da zango huɗu da aka jera a kusurwoyi huɗu, tsakanin kowane zango da na gabansa ƙafa 90. Zangon da ake tashi daga gare shi, kuma ake komowa gare shi, shi ake kira gida. Kowace ƙungiya tana da mutum tara. Ƙungiya ɗaya takan bazu cikin fili tana tsaro, ɗayar kuwa 'yan wasanta su riƙa fitowa ɗai-ɗai, kowa da kulki a hannu. Mai jifa yana tsaye a tsakiya bisa wani ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 daga gida, ya wurgo wata ƙwallo mai tauri wadda ba ta fi girman lemo ba, da gudun da a hannun gwanaye yakan wuce mil 90 cikin sa'a guda.

Idan mai bugu ya sami ƙwallon, sai ya yar da kulki ya sheƙa zuwa zango na farko. Duk wanda ya bi zango uku ya komo gida lafiya, ƙungiyarsa ta sami maki ɗaya. In kuwa ya buga ƙwallo ta tsallake shingen fili, to, shi da dukkan 'yan'uwansa da ke tsaye a zanguna sai su komo gida ba mai tare su, kuma wannan shi ne bugun da ya fi burge 'yan kallo. Akan fid da mai bugu idan ya kuskure jifa mai kyau sau uku, ko aka cafe ƙwallon da ya buga tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko kuma ƙwallo ta riga shi isa zango. In an fid da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu. Idan kowace ƙungiya ta yi bugu ta yi tsaro, an yi zubi ɗaya ke nan, zubi tara kuwa ake yi kafin a tashi.

A Amurka wannan wasa ya girma. A can aka kafa ƙungiya ta farko da ke biyan dukkan 'yan wasanta albashi, a birnin Cincinnati cikin shekarar 1869. Babbar gasar Amurka tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 a shekara. Ban da Amurka, wasan yana da ƙarfi ƙwarai a Japan, da Koriya ta Kudu, da Taiwan, da Kyuba, da Jamhuriyar Dominika, da Benezuwela, da Meziko.

MAFARIN AL'AMARIN

A shekarar 2022 aka sanar da kafa kamfanin da ya shirya wannan gasa. Shugabansa a lokacin kakar farko shi ne Kash Shaikh, wani Ba'amurke ɗan kasuwa wanda asalin iyayensa daga yankin Indiya da Pakistan ne, kuma ya taɓa aikin tallace-tallace a kamfanin Procter & Gamble. Cikin waɗanda suka zuba jari akwai tsofaffin gwanayen wasan, irin su Mariano Rivera mutumin Panama, da Barry Larkin, da Adrian Beltre, da Felix Hernandez. Shi Rivera ɗin, shi ne ɗan wasa na farko da dukkan masu zaɓe suka amince a sa sunansa cikin zauren tunawa da gwanayen besbol na Amurka, ba wanda ya ƙi, a shekarar 2019.

Ƙungiyoyi huɗu aka kafa. Akwai Mumbai Cobras, wato kumurcin Mumbai ta Indiya, da Karachi Monarchs, wato sarakunan Karachi ta Pakistan. Sauran biyun da fari an raɗa musu sunan Dubai da Abu Dabi, daga baya aka sake musu suna suka koma Arabia Wolves, wato kyarketan ƙasar Larabawa, da Mid East Falcons, wato shahunan Gabas ta Tsakiya. A watan Oktoba na 2023 aka raba 'yan wasa, wanda aka fara zaɓa kuwa shi ne Karan Patel, wani mai jifa haifaffen Amurka wanda asalinsa Ba'indiye ne, ƙungiyar Mumbai ta ɗauke shi.

Kafin a kai ga gasar kanta an yi gwaji har sau uku. Na farko shi ne wasannin nuni guda biyu da aka yi ranakun 24 da 25 ga Nuwamba, 2023, a babban filin kurket na Dubai, inda aka ga tsofaffin taurari irin su Robinson Cano, da Pablo Sandoval, da Bartolo Colon wanda ya yi jifa yana da shekara 50 a duniya. Na biyu shi ne gasar ƙasashe tara da aka yi a watan Nuwamba na 2024, wadda Pakistan ta cinye bayan ta ka da mai masaukin baƙi a wasan ƙarshe. Da wannan gasa ce aka buɗe sabon filin kamfanin, a harabar wasanni da ake kira The Sevens. Na uku kuwa wasanni uku ne tsakanin Wolves da Falcons a watan Fabrairu na 2025. Har ila yau, a watan Maris na 2024 kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da hukumar besbol ta Saudiyya, wadda ta ba shi damar kafa ƙungiyoyi a Riyad da Jidda da Dammam.

KAKAR FARKO

Duk wasannin kakar farko a fili ɗaya aka yi su. An auna filin daidai da faɗi da tsawon filin ƙungiyar Yankees da ke New York, aka shimfiɗa masa ciyawar roba domin ta gaske ba za ta jure zafin Dubai ba sai da ɓarnar ruwa mai yawa, kujerunsa kuwa kimanin 3,000 ne. An tsara kowace ƙungiya ta buga wasa tara, wato wasa 18 ke nan gaba ɗaya, sa'an nan biyun da suka fi su kara a wasannin ƙarshe, wadda ta fara cin biyu cikin uku ta ɗauki kofi. Mid East Falcons da Mumbai Cobras su ne suka kai wannan matsayi, Falcons kuwa ta yi rinjaye ta zama zakara ta farko.

Zaɓen watan Nuwamba da Disamba yana da dalilai biyu. Na ɗaya, da bazara ma'aunin zafi a Dubai yakan haura digiri 40, ba mai iya tsayawa a fili sa'a uku. Na biyu, a wannan lokaci an rufe gasannin Amurka da na Japan, 'yan wasa suna hutu, masu neman ƙarin abin sawa a bakin salati suna neman inda za su buga. Sai dai kuma a daidai wannan lokaci ne ake gasannin hunturu na Dominika da Benezuwela da Meziko da Ostireliya, waɗanda suka daɗe da kafuwa, saboda haka dole sabuwar gasa ta yi gogayya da su wajen samun gwanaye.

Wanda ya duba jerin sunayen 'yan wasan zai ga abin da ke janyo tambayar da muka fara da ita. Akasarinsu baƙi ne daga Amurka, da ƙasashen Latin Amurka, da Japan, da Turai, mutanen da suka yi wasa a ƙananan gasanni ko kuma suka wuce ganiyarsu a manya. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin, mai ɗauke da sunan Gabas ta Tsakiya, Japanawa ne suka cika ta, cikinsu har da Munenori Kawasaki, wanda ya yi suna a Japan da Amurka, kuma yana da shekara 44 a lokacin. An ware 'yan gurabe ga samari daga Indiya da Pakistan da maƙwabtansu don su koyi aiki a gefen manya. Amma ƙungiyar Mumbai ba ta buga ko wasa ɗaya a Mumbai ba, haka ita ma ta Karachi. Sunayen garuruwan dai suna jikin riguna, mutanen garuruwan kuwa sai dai su gani ta talabijin.

SABABBIN DOKOKI

Masu shirya gasar sun san besbol wasa ne mai tafiyar hawainiya ga wanda bai saba da shi ba, don haka suka ƙago wasu dokoki da babu su a Amurka ko Japan. Akwai ƙwallo mai ruwan zinariya, wadda shugaban 'yan wasa zai nema a lokacin da ya ga dama, in ɗan wasansa ya buga ta ta tsallake shinge sai a ninka makin. Da ita ce Pablo Sandoval ya ci maki shida da bugu ɗaya a wasannin nuni na 2023, alhali a dokar da aka sani bugu ɗaya ba ya wuce maki huɗu. Akwai kuma wadda suke kira ƙwallon wuta, wadda masu tsaro ke nema, in mai bugu ya kuskure sau uku da ita, to, bugun ƙungiyarsa na wannan zubi ya ƙare ko da ba a fid da kowa ba kafin shi. An kuma yarda a sa wani mai gudu ya maye gurbin wanda ya kai zango ba tare da an cire shi daga wasa ba. Idan an tashi kunnen doki kuwa, maimakon a ƙara zubi, sai a yi gasar buga ƙwallo ta tsallake shinge.

Waɗanda suka tashi cikin wasan suna ganin irin waɗannan dokoki sun mai da shi wasan yara. Masu goyon baya kuwa suna kafa hujja da kurket, wanda a da akan kwana biyar ana wasa ɗaya, amma da aka ƙago gajeren tsari na kimanin sa'a uku a shekarar 2003, sai ga shi ya jawo jama'a da dukiyar da ba a taɓa zato ba, musamman bayan kafa gasar Indiya a 2008.

ME YA SA AKA ZAƁI DUBAI?

Ruwa ba ya tsami banza. Fili mai kujeru 3,000 ba zai iya biyan albashin ƙungiyoyi huɗu da kuɗin jirgi da na masauki ba, ko da kullum ya cika maƙil. Gasa irin wannan da kuɗin talabijin da na masu talla take rayuwa, su kuwa yawan masu kallo suke bi. To, Indiya tana da mutum fiye da miliyan 1,400, Pakistan kuma fiye da miliyan 240, kuma a ƙasashen nan biyu yaro tun yana ƙarami ya san jifan ƙwallo da bugunta da katako, saboda kurket. Lissafin kamfanin shi ne in aka sami ko da ɗan kaɗan daga cikin waɗannan masu son kurket suka waiwayo, kasuwa ta buɗe.

Ita kuwa Dubai ita ce mahaɗar da ta fi dacewa. Kusan tara cikin goma na mazauna Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa baƙi ne, mafi yawansu daga Indiya da Pakistan da Bangaladash. Hedkwatar hukumar kurket ta duniya tana Dubai tun shekarar 2005. Bugu da ƙari, saboda rashin jituwar da ke tsakanin Indiya da Pakistan, ƙasashen biyu ba su sake ziyartar juna don jerin wasannin kurket na tsakaninsu su kaɗai ba tun farkon 2013, sai dai su haɗu a manyan gasanni, sau da yawa a Dubai. A watan Mayu na 2025 sun yi kwana huɗu suna musayar wuta, a watan Satumba kuma 'yan kurket ɗin Indiya suka ƙi yin musafaha da na Pakistan a gasar Asiya da aka yi a Daular. Wata biyu bayan wannan aka buɗe gasar besbol da wasa tsakanin Mumbai da Karachi. Duk mai hankali ya san ba a banza aka zaɓi waɗannan biyu su fara ba.

Daɗin daɗawa, ƙasashen yankin Gulf sun daɗe suna zuba dukiya a harkar wasanni don su rage dogaro da man fetur, su kuma jawo masu yawon buɗe ido. Bahrain ta fara karɓar babban tseren motoci na duniya a 2004, Abu Dabi a 2009. Katar ta karɓi gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa a 2022, an kuma ba Saudiyya ta 2034. Besbol ta shigo cikin wannan ayari ne. Amma karɓar baƙuncin wasa daban, mallakarsa daban.

BA YAU FARAU BA

Tarihi ya nuna wannan ba shi ne karo na farko da aka kawo besbol ƙasar Larabawa ba, kai, ba ma shi ne karo na farko da aka haɗa ta da raƙuma ba. A shekarar 1888 wani Ba'amurke mai suna Albert Spalding, tsohon ɗan wasa kuma mai kamfanin sayar da kayan wasanni, ya ɗebi ƙungiyoyi biyu ya zaga duniya da su don ya tallata wasan, ya kuma buɗe wa kayansa kasuwa. Ranar 9 ga Fabrairu, 1889, suka tafi Giza a kan raƙuma da jakuna, suka buga wasa a cikin rairayi a gindin dalar Fir'auna. A farkon 1914 kuma ƙungiyoyin New York Giants da Chicago White Sox suka yi wasa a Alƙahira, mai mulkin Masar na lokacin, Abbas Hilmi na Biyu, yana cikin 'yan kallo. Duk sau biyun an yi kallo an watse, Misirawa kuwa suka rungumi ƙwallon ƙafa, suka kafa ƙungiyar Al-Ahly a 1907 da Zamalek a 1911.

Misali na biyu yana Saudiyya. Bayan da aka sami man fetur a yankin Dahran a 1938, ma'aikatan Amurka na kamfanin Aramco suka zo da iyalansu da wasanninsu. Ƙungiyar yara ta Dahran ta yi ƙarfi har ta je gasar yara ta duniya da ake yi a Williamsport cikin Amurka fiye da sau ashirin, ciki har da shekara goma sha biyu a jere daga 2000 zuwa 2011. Sai dai mafi yawan yaran 'ya'yan baƙin ma'aikata ne da ke zaune a unguwar kamfani. Shekara da shekaru ana wasan a bayan katanga, bai tsallaka ya shiga makarantun gari ba. Sai a 2019 Saudiyya ta kafa hukumar besbol tata.

Misali na uku, wanda ya fi kama da abin da muke magana a kai, shi ne na Isra'ila. A shekarar 2007 wani ɗan kasuwa daga Boston ya kafa gasar 'yan albashi mai ƙungiyoyi shida a can, ya cika su da baƙin 'yan wasa, ya ɗauko tsofaffin taurarin Amurka su shugabance su. An yi kaka ɗaya, aka ba da kofi, bashi ya yi katutu, gasar ta rushe ba a sake yin ta ba. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

INDA WASAN YA YI SAIWA

Idan aka juya ga ƙasashen da besbol ta zama 'yar gida, sai a ga hanyar da ta bi ta bambanta. A Japan wani malamin makaranta Ba'amurke, Horace Wilson, shi ya koya wa ɗalibansa wasan a Tokyo a shekarar 1872. Daga makaranta zuwa makaranta ya bazu, aka fara gasar makarantun sakandare ta ƙasa baki ɗaya a 1915, ba a kuwa kafa gasar 'yan albashi ba sai a 1936, wato bayan shekara 64. A Kyuba ɗalibai ne da suka komo daga karatu a Amurka cikin shekarun 1860 suka zo da kulki da ƙwallo, aka kafa gasa a 1878, kuma mutanen Kyuba da suka yi ƙaura saboda yaƙi suka kai wasan Dominika. A Koriya tun farkon ƙarni na 20 ake yin sa a makarantu, gasar 'yan albashi kuwa sai 1982. A ko'ina cikin waɗannan, yara ne suka fara, 'yan kallo suka taru saboda 'ya'yansu da ƙannensu, masu kuɗi suka zo daga ƙarshe.

Kai, ko a cikin Daular kanta, kurket haka ya kafu. 'Yan ci-rani daga Indiya da Pakistan su suka riƙa buga shi a filayen ajiye motoci da kangwaye ranar hutu, sa'an nan wani attajiri ɗan ƙasa, Abdurrahman Bukhatir, wanda ya koyi son wasan yana ɗalibi a Pakistan, ya gina filin Sharja a farkon shekarun 1980, aka yi gasar Asiya ta farko a cikinsa a 1984. Jama'ar suna nan kafin a gina filin.

Zaton da ake yi cewa duk gwanin kurket zai iya komawa gwanin besbol shi ma an taɓa gwada shi. A shekarar 2008 aka yi wata gasar talabijin a Indiya don neman mai ƙarfin jifa, aka sami samari biyu, Rinku Singh da Dinesh Patel, ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta ɗauke su. Sun yi wasa a ƙananan gasanni, amma ba wanda ya kai babbar gasa a cikinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN DA ZA A SA WA IDO

Duk da haka, rashin adalci ne a ce wannan yunƙuri bai tsinana kome ba. Kafin 2024 babu filin besbol irin na 'yan sana'a a duk yankin, yanzu an gina. Gasar ƙasashe tara ta ba ƙungiyoyin da ba su da wurin haɗuwa damar su gwada ƙarfinsu, kuma akwai 'yar ƙwarya-ƙwaryar tushe da za a iya ɗorawa a kai. Pakistan tana da hukumar besbol tun 1992, ta kuma shiga wasannin neman gurbin gasar duniya a 2016 da 2022. Ƙungiyar Falasɗinu, wadda akasarin 'yan wasanta 'ya'yan Falasɗinawa ne mazauna Amurka, ta zo ta biyu a gasar Yammacin Asiya ta 2023 a Islamabad, ta kuma je gasar Asiya a Taiwan a cikin shekarar ta 2023. Sa'an nan an mai da besbol cikin wasannin Olimfik da za a yi a Los Angeles a 2028, abin da yakan sa gwamnatoci su buɗe bakin aljihu ga hukumomin wasa. Yaron da ya ga ɗan ƙasarsa sanye da riga yana karɓar albashi, yana iya sa ran shi ma wata rana.

Amma in ana son a san ko gasar nan za ta ɗore, ba yawan taurarin da suka zuba jari za a ƙirga ba. Abubuwa huɗu ne ma'auni. Na farko, ko za a ci gaba da yin kaka bayan kaka ana biyan 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari. Na biyu, ko ƙungiyoyin Mumbai da Karachi, da waɗanda aka yi alkawari a Riyad da Jidda da Dammam, za su sami filaye a garuruwansu su yi wasa a gaban mutanensu. Na uku, ko yawan 'yan wasan da aka haifa aka kuma horar a yankin zai riƙa ƙaruwa, har su zama su ne ƙashin bayan ƙungiyoyi. Na huɗu, wanda ya fi duka, ko ma'aikatun ilmi za su shigar da wasan cikin makarantu, a horar da malamai, a samar da kayan aiki masu araha. Wannan na ƙarshe yana da wuya, domin ƙwallon ƙafa ba ta bukatar kome sai ƙwallo ɗaya da duwatsu huɗu, besbol kuwa tana bukatar kulki, da safar fata ga kowane mai tsaro, da hular kwano, da fili mai faɗi.

Darasin da ke cikin wannan labari ya wuce besbol, kuma ya shafi duk wanda aka ɗora wa nauyin tsara harkar wasanni ko wadda ta yi kama da ita. Da kuɗi ana gina fili cikin 'yan watanni, ana ɗauko gwanaye daga ko'ina cikin duniya, ana cika talabijin da hotuna. Abin da kuɗi ba ya gaggauta shi shi ne tashin yaran da za su girma da son abu, wannan kuwa aikin malamai ne da iyaye, na shekara ashirin ko fiye. Kakar farko ta tabbatar ana iya shirya gasar besbol a ƙasar Larabawa a fara lafiya a gama lafiya. Ranar da aka ga yaran Sharja ko na Jidda sun jera takalmansu a matsayin zanguna, suna jifa da bugu da la'asar ba wanda ya sa su, ran nan ne za a ce baƙo ya zama ɗan gari. Kafin wannan rana dai, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.